Hoto Ba Shi Da Baki: Tarken Baje Kolin Hotunan Arewa A Intanet

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2011 Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ingila, wadda ke unguwar Kew a Landan, ta ɗora dubban hotunan ƙasashen Afirka a shafin Flickr, ta kuma raɗa wa wannan baje koli suna Africa Through a Lens. Hotunan sun fito ne daga tarin tsohon Ofishin Mulkin Mallaka, kuma akwai na Nijeriya a cikinsu. Ma'ajiyar ta roƙi duk wanda ya gane wani mutum ko wani wuri da ya rubuta abin da ya sani a ƙarƙashin hoton. Daga wannan rumbu da wasu irinsa ne tsofaffin hotunan ƙasar Hausa suka kuɓuce wa masu ajiya, suka faɗa Facebook da WhatsApp, har ta kai ga ana tura hoton wani sarki na dauri ko na wata tsohuwar kasuwa tare da gaisuwar Juma'a.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan salon baje koli ta fuskar mai nazarin harshe, wato ta dubi abin da ake faɗa a kan hoto, da wanda ke faɗarsa, da harshen da ake faɗarsa da shi. An ɗauki ƙasar Bobi, a ƙaramar hukumar Mariga cikin masarautar Kontagora ta Jihar Neja, a matsayin ma'auni. Dalili kuwa shi ne, in an yi kuskure a kan hoton Kano ko na Katsina ba a rasa wanda zai tashi ya gyara. Amma wuri irin Bobi, inda Kamuku da Kambari da Hausawa da Fulani makiyaya ke zaune tare, kuma masu rubuta tarihinsa ba su da yawa, a nan ne ake ganin ainihin abin da baje kolin ke bayarwa da abin da yake karɓewa.

2.0 Kalmar Hoto Da Abin Da Take Rufewa

Ya kamata a fara da kalmar kanta, domin rabin matsalar a cikinta yake. Hoto kalmar aro ce daga Ingilishi, amma da ta shigo Hausa sai ta faɗaɗa fiye da yadda take a gidansu. Abin da aka ɗauka da kyamara hoto ne, abin da mai zane ya zana da alƙalami ko fenti shi ma hoto ne, fim kuwa hoto mai motsi. Akwai kalmomin sura da taswira da zane, amma a bakin jama'a hoto ya danne su duka. Saboda haka in wani ya rubuta "hoton Shehu Usmanu" a ƙarƙashin wata fuska, mai karatu ba shi da wata alama a cikin kalmar da za ta gaya masa ko hasashen mai zane ne ko kuwa kyamara ce ta ga mutumin. Irin waɗannan fuskoki masu sunan Shehu suna yawo a intanet, alhali Shehu ya rasu a 1817, ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a Faransa. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi, amma da yake kalmar ba ta tilasta wa kowa ya yi tambayar ba, mafi yawa ba sa yi.

Na biyu, akwai batun ɗafin mallaka. Idan aka ce "hoton Audu", ana iya nufin Audu ne a ciki, ko Audu ne ya ɗauka, ko kuma Audu ne ya mallaki katin. Ɗafi guda ke ɗauke da ma'anoni uku. A zamanin da ake zuwa ɗakin mai hoto a biya, a jira a wanke, a kawo gida a rataye a bango, wannan harshen damo bai cika damun kowa ba, tun da mai fuskar shi ne mai katin. Intanet ce ta raba mutanen uku: mai fuskar yana Bobi, wanda ya ɗauka ya daɗe da mutuwa a Turai, mai mallaka kuma wata ma'ajiya ce ko wani kamfani a Amurka. Ba laifi a lura kuma cewa Bahaushe ɗaukar hoto yake cewa, da aikatau ɗin da ake ɗaukar kaya a tafi da shi. A wannan karon harshen ya riga masana gane abin da ke faruwa.

3.0 Abin Da Aka Samu

Ba za a yi wa wannan baje koli adalci ba in ba a faɗi girman abin da ya kawo ba. Kafin zuwan intanet, mai binciken da ke son ganin tsofaffin hotunan Arewa sai ya tafi Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ko Gidan Makama a Kano, abin da ke ƙetare kuwa sai wanda ya sami tallafin tafiya Ingila. Littattafai irin su na E. D. Morel na 1911 da na C. K. Meek na 1925 suna ɗauke da hotuna, amma kwafinsu kaɗan ne, kuma a kulle suke a sashen littattafan da ba a ara. Yanzu ɗalibi a Kontagora yana iya ganin hotunan birnin Kano da Walter Mittelholzer, matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, ya ɗauka a tafiyarsa ta ƙarshen 1930 da farkon 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurik ne ya sake su kyauta. A hotunan da aka ɗauka daga sama ana ganin gidajen ƙasa da lunguna da kududdufai, wato tsarin birnin da a yau sai dai a ji a bakin tsofaffi. Haka nan akwai tarin E. H. Duckworth, tsohon editan mujallar Nigeria, a Jami'ar Northwestern, da na Eliot Elisofon a cibiyar Smithsonian da ke Washintan.

Ga mai nazarin harshe ribar ta fi haka. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen tufafi da kayan doki da kayan sana'a waɗanda aka bayyana da kalmomi kawai. Ɗalibin yau yana iya haddace cewa lifidi rigar kariya ce da ake cusa wa auduga, amma bai taɓa ganin yadda yake zama a jikin doki ba. Haka kuma bambancin da ke tsakanin aska biyu da aska takwas a ɗinkin babbar riga, ko yadda ake naɗa ɗan Kura, ko irin tsagar fuskar da ke bambanta Bagobiri da Bakatsine, duk abubuwa ne da hoto guda ke warwarewa fiye da shafi guda na bayani. Da a ce masu aikin ƙamus za su zauna da waɗannan hotuna tare da dattawan da suka san kayan, da kalmomi masu yawa da ke bakin kabari sun sami wurin tsayawa. Wannan aiki ne da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 bai sami zarafin yi ba, kuma hanyar yinsa ta buɗe.

Akwai kuma masu ɗaukar hoto na yau waɗanda intanet ta zame musu zauren nuni a ƙasar da zaurukan nuni suka taru a Legas da Abuja. Misali mafi fitowa fili shi ne na Fati Abubakar, wadda a 2015 ta fara ɗora hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Maiduguri a Instagram da sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da ɓaraguzai. Ba ta nemi izinin wani edita a Landan ba kafin ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

4.0 Rubutun Ƙasan Hoto

Sai dai hoto ba shi da baki. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa shi ke magana a madadinsa, kuma a nan ne tarken ya fi nauyi.

Tarin Ofishin Mulkin Mallaka ya samo tushe ne daga wani umarni na 1869, wanda ya nemi gwamnoni su aiko da hotunan manyan gine-gine da wurare da kuma samfurin jinsunan mutanen da ke ƙasashensu. Wato tun daga farko ba mutum ake nema ba, iri ake nema. Shi ya sa a irin waɗannan hotuna Bature ke da suna da muƙami, sarki ma wani lokaci yana da suna, amma manomi da maƙeri da matar da ke daka sai a kira su da sunan ƙabila, ko a ce 'yan ƙasa, ko a yi amfani da kalmar Turanci da ake fassarawa da arna. Baje kolin na 2011 ya bar tsofaffin rubuce-rubucen kamar yadda suke, kuma ta fuskar adana tarihi hakan daidai ne, domin rubutun shi kansa shaida ne a kan tunanin wanda ya yi shi. Matsalar tana tasowa ne lokacin da hoton ya bar shafin ma'ajiya, wani ya fassara rubutun zuwa Hausa kai tsaye ya tura.

A ƙasar Kontagora wannan ba ƙaramar magana ba ce. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa masarautar, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ne ke kan gado lokacin da sojojin Ingila suka ci Kontagora a watan Janairu na 1901. An kama shi daga baya, aka mayar da shi sarauta a 1903, ya zauna har 1929. Rubuce-rubucen Turawa sun cika da labarin hare-haren kamun bayi da ya yi a kan al'ummomin da ke kewaye, kuma da wannan labari suka kafa hujjar yaƙinsu. Zungeru, hedikwatar Lugga daga 1902, ba ta da nisa da nan, saboda haka yankin yana cikin wuraren da idon Bature ya fara sauka a kai. To, jikokin waɗanda suka kai harin da jikokin waɗanda aka kai wa, duk suna cin kasuwa ɗaya a yau, suna auratayya, mafi yawansu Musulmi ne ko Kirista. Idan hoton wasu tsofaffi masu walki ya iso wayar ɗan Bobi da rubutun "arnan ƙasar Kontagora", ba darasin tarihi aka ba shi ba, gori aka yi masa a gaban abokan ajinsu. Kalmar da Bature ya rubuta a matsayin rukuni na ƙididdiga ta koma zagi da ta shigo Hausa, domin arne a Hausa bai taɓa zama kalma marar ɗaci ba.

Kuma bai kamata masanin Hausa ya ɗora wa Bature laifin duka ya wanke hannunsa ba. Sunayen ƙabilun da ke cikin littafin Temple na 1919 da kundin lardin Kontagora na E. C. Duff na 1920, da yawansu ta bakin tafinta Bahaushe suka shiga takarda. Mutanen da aka rubuta Dakarkari suna kiran kansu Lelna, waɗanda aka rubuta Gwari kuwa Gbagyi suke ce wa kansu. Hausa ce tabaran da Bature ya sa ya kalli waɗannan al'ummomi. Saboda haka mayar da rubutun ƙasan hoto zuwa Hausa, ko da yake wajibi ne, ba ya nufin an mayar da hoton ga masu shi. A Bobi yana iya zama an ƙara sa wani labule ne kawai.

Kiran da ma'ajiyar ta yi na a taimaka da bayani shi ma yana da iyaka. An yi shi da Ingilishi, a shafin da sai mai rajista ke rubutu, ga mutanen da ke da intanet mai ƙarfi a 2011. Tsohuwar da za ta iya duban hoto ta ce wannan kitson na gidan wane ne, ko wannan dutsen a bayan wane ƙauye yake, ba ta cikin waɗanda kiran ya isa gare su. Wanda ya iya shiga bai sani ba, wadda ta sani ba ta iya shiga ba, kuma kowace shekara irinta raguwa suke yi.

4.1 Yadda Hoto Ke Tuɓe Asalinsa

Akwai wani dalili na fasaha da ya sa ɓatan bayani ya zama ruwan dare. Kowane hoto na kwamfuta yana iya ɗaukar ɓoyayyen bayani a jikinsa: ranar ɗauka, da irin kyamara, da sunan mai shi, wani lokaci har da wurin. Facebook da WhatsApp suna share mafi yawan wannan bayani daga kwafin da jama'a ke samu, suna kuma matse hoton don ya yi sauƙin turawa. Mai turawa kuma sau da yawa hoton fuskar waya yake ɗauka, ya yanke rubutun da ke ƙasa. Kafin hoto ya wuce hannu biyar ya zama maraya, kuma maraya kowa na iya raɗa masa suna. Ta haka ne hoton wani basarake da ba a san ko wane ne ba yakan zama Sarkin wane gari a yau, gobe kuma ya zama na wani garin. Duk fuskar da aka liƙa wa sunan wanda ya rasu kafin 1900 a wannan yanki, kamar Umaru Nagwamatse, tana bukatar hujja mai ƙarfi ƙwarai kafin a karɓa.

Sabon abin da ya ƙaru shi ne shafa launi da na'ura. Ana ɗaukar hoto mai baƙi da fari a ba manhaja ta yi masa kala, jama'a su yi ta sha'awa. Amma manhajar cinta take yi. Ba ta san cewa kore a sunan riga yana nufin baƙin shuni mai ƙyalli ba, ba ta san jan barage ba, ba ta san launin tsamiya ko zanen saƙi ba. Sai ta mayar da rigar da aka buga da shuni ta zama ruwan toka, ko ta yi wa rawani launin da ba a taɓa naɗawa ba. Mai nazarin sunayen tufafi da ya dogara da irin wannan hoto ya gina bayaninsa a kan hasashen injin da bai taɓa ganin marina ba. Daga 2022 kuma aka sami manhajojin da ke ƙirƙiro hoto ɗungurungum daga umarnin rubutu, har da tabo da dushewa irin ta tsohon kati. Karin maganar nan ta gani ya kori ji an yi ta ne a zamanin da ido ba ya ganin abin da babu. Abin mamaki, wata ma'anar da Hausawa suka ba kalmar, inda ake cewa abu hoto ne kawai in ba shi da gaskiya a ciki, ita ce ke neman rinjaya.

5.0 Inda Kuskure Ke Cin Rai

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga sunayen sarakunan da suka shuɗe, da sai a bar wa malaman tarihi. Amma ba ta tsaya nan ba. Bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, wasu daga cikin hotunan da suka fi yawo a duniya da sunan yaran ba nasu ba ne. Hotunan wasu 'yan mata ne na ƙasar Gini Bisau, waɗanda Ami Vitale, mai ɗaukar hoto 'yar Amurka, ta ɗauka shekaru kafin nan don wani aiki dabam, ta kuma baje su a intanet da kyakkyawar niyya. Sai da ta fito ta yi ta roƙo a daina. Waɗanda suka yi amfani da hotunan su ma alheri suke nufi, amma sun nuna cewa a wurinsu kowace baƙar yarinya mai lulluɓi tana iya tsayawa a madadin wata, wanda shi ne dai tunanin umarnin 1869.

Mafi muni shi ne abin da sashen binciken BBC ya ruwaito a watan Nuwamba na 2018 game da rikicin Jihar Filato na watan Yunin wannan shekara. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan gawarwaki da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya, alhali wasu daga cikinsu ba a Nijeriya ma aka ɗauke su ba. Rahoton ya ƙara da wani abu da ya shafi masu wannan fage kai tsaye: a lokacin, daga cikin mutum 4 da ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci don Facebook a Nijeriya, babu mai jin Hausa ko ɗaya. Ƙaryar ba a cikin hoton take ba, a cikin jimlar da ke ƙarƙashinsa take, kuma wanda bai ji harshen jimlar ba ba zai ga ƙaryar ba.

Ƙasar Mariga da Rafi ta ɗanɗana irin wannan tashin hankali. A ranar 30 ga Mayu, 2021 aka sace yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, ba a sako su ba sai ƙarshen Agusta. Fuskokin yaran, a rame, sun bazu a shafuka, kuma suna nan ga duk mai nema. Hotunan sun taimaka wajen sa duniya ta san abin da ya faru, wannan gaskiya ne. Amma yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara bakwai zai girma ya nemi aiki ya nemi aure, hoton ranar da ya fi kowace muni a rayuwarsa yana biye da shi, kuma ba wanda ya tambaye shi. A yankin da masu garkuwa ke auna kuɗin fansa da abin da suka ji mutum ya mallaka, hatta hoton garke a makiyayar Bobi, ko na sabon gida, ko na lefe, ba abin da za a baje ba ne ba tare da tunani ba. Mai ɗaukar hoto daga birni yana ganin kyan shanu a hasken yamma. Mai shanun yana ganin an ƙirga masa dukiya a bainar jama'a.

A nan ne kuma batun kunya da sutura ke shigowa. Hoton da amarya ta yarda a ɗauka don ɗakinta, ko wanda aka ɗauka a cikin gida inda baƙo namiji ba ya shiga, an yi shi ne don idanu ƙididdigaggu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare wanda ya ɗauki hoto, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta buɗe wata ƙofa ga wanda aka ɗauka, amma babu ɗayansu da ke isa ga matar ƙauyen da ba ta ma san fuskarta tana Instagram ba.

6.0 Masu Hoton Gida

Wani gurbi da baje kolin intanet ya bari, wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne na masu hoton gida. Kusan duk tsofaffin hotunan Arewa da ke yawo, baƙi ne suka ɗauke su, domin nasu ne aka adana a ma'ajiyoyi masu kuɗin mayar da su na kwamfuta. Amma garuruwan Arewa sun yi masu ɗakin hoto da masu yawo da kyamara a ranar kasuwa da ranar Sallah, waɗanda suka ɗauki angwaye da 'yan makaranta da maniyyata aikin Hajji. A hotunansu mutum ne ya zaɓi rigarsa da tsayuwarsa, kuma an san sunansa. Waɗannan katuna suna cikin akwatuna da bayan madubi, gara da damina suna cin su. Sakamakon haka, wanda ya leƙa intanet zai ɗauka cewa mutanen Arewa ba su taɓa kallon kansu ba sai ta idon wani.

Labarin Seydou Keïta na Bamako ya isa ishara. A 1991 aka nuna hotunansa a wani baje koli a birnin New York da rubutun cewa ba a san mai ɗauka ba, alhali yana raye a garinsu, da dubban finafinan hotunansa a ajiye. Sai da aka bi sawu aka same shi, sannan sunansa ya zagaye duniya. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina. Babu dalilin da zai sa a ce Kontagora, wadda ta yi zaman hedikwatar lardi, kuma ta ga hawan Sallah na Sarkin Sudan Sa'idu Namaska tun daga 1974 har 2021, ba ta da nata ma'ajin a cikin wani shago.

Sai dai ɗora su a Facebook ba adanawa ba ne. A 2019 kamfanin Myspace ya amsa cewa ya yi asarar abubuwan da jama'a suka ɗora na shekaru masu yawa, a shekarar kuma Flickr ya taƙaita masu amfani da shi kyauta ga hotuna 1,000. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara, wadda ke maƙwabtaka da Mariga, na tsawon makonni. Kati a cikin akwati ba ya bukatar caji ko izinin kamfani kafin a duba shi.

Akwai hanyar da aka gwada a kudu wadda ta cancanci a duba. Farfesa Paul Basu da abokan aikinsa sun ɗauki hotunan da Northcote Thomas ya yi tsakanin 1909 da 1915 a ƙasashen Edo da Ibo da Saliyo, suka buga su a kati, suka kai su garuruwan da aka ɗauke su, inda wasu suka gane kakanninsu suka faɗi sunayensu, sannan aka haɗa wannan bayani da abin da ke intanet. Wato an fara da dandali kafin a zo shafi. Sassan koyar da harsunan Nijeriya suna da abin da wannan aiki ke bukata fiye da kowa, domin kowace shekara suna tura ɗalibai ƙauyukansu su tattaro waƙoƙi da tatsuniyoyi don kundin digiri. Ɗalibin da ya fito daga Bobi yana iya tafiya da katuna ashirin, ya zauna da dattawa, ya naɗi abin da suka faɗa da Kamukanci ko Fulatanci ko Hausa, ya rubuta sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, ya kuma tambaye su waɗanne ne suka yarda a nuna wa duniya, waɗanne ne kuma za su tsaya a gida.